Ranar da Na Dafa Fitsari a Zauren Surukina

Tsufa ya kwashe mini haƙora da sunayen mutane da yawa, amma ba zan taɓa mantawa da ranar da na dafa fitsarina a kan risho ba, a zauren surukina, a gaban limamin unguwa. Eh, abin da ka karanta shi na rubuta. Yi dariyarka ka more, Hausawan Inugu da na Fatakwal sun riga ka tun ba a haife ka ba. Abin da ba zan lamunta ba shi ne a ce hauka na yi. Kunya kam na ji ta, har na so ƙasa ta tsage in shige. Amma da za a maido ni ranar, wallahi sai na sake ɗora shi a rishon nan.

Lokacin ana ta shirin Turawa su tattara su bar mana ƙasa. Ina Fatakwal ina sayar da albasa, ana yo mini lodinta daga Arewa a jirgin ƙasa. Ƙarfina ya kawo, wuya ya yi kauri, ga matata Hurera da 'yarmu ta goye. Shayina kuwa, in ban ga sukari ya kwanta a gindin kofi ba, ban sha ba ke nan. Sai kawai na fara wata irin ƙishirwa wadda ruwan Fatakwal duk da yawansa ya kasa kashewa. In na sha, in fita. In na dawo, in sha. Wandona ya fara zamewa, tafin ƙafata yana yi mini kamar ana tsira allurai. Duk inda na tsuguna kuwa, kafin in ɗaure mazagi kiyashi sun yi layi. Duk wannan na daure. Ranar da fitsarin ya fara fita da zafi kamar an kwaɓa barkono, ranar na nemi hanyar asibitin mishan.

A can na haɗu da Malam Yohanna, disfensa mai ba da magani, mutumin kudancin Zariya. Hausa a bakinsa sai ka rantse a Birnin Zazzau aka yanke masa cibiya. Bayan likita ya gama da ni, shi ya zaunar da ni ya fassara mini.

"Ciwon suga ne," ya ce. "Sukarin ya yi wa jininka yawa, shi ne yake bin fitsari yana fita. Ƙwayoyin cuta kuwa son zaƙi gare su kamar yara, shi ya sa suka samu wurin zama a mafitsararka."

Ya ba ni maganin sugan, ya ba ni wata farar ƙwaya ta zafin fitsari, ya ƙara da wata 'yar ƙwaya ruwan ɗorawa wadda ya kira bitamin. Ya ce wannan ta ƙafa ce da kasalar jiki, don likita yana ganin jikina ya yi ƙarancinta. Sannan ya ɗauko kwalbar wani shuɗin ruwa da wata siririyar kwalba kamar yatsa, ya koya mini awo. Ka zuba shuɗin ruwan, ka ɗiga fitsari kaɗan, ka kanga a wuta. In ya tsaya shuɗi, lafiya lau. In ya juya kore ko ɗorawa, akwai magana. In ya yi ja kamar manja, to sukari ya yi gida.

"Ka sha ruwa, kada ka riƙe fitsari," ya ce. "Ka rage tuwo da garin rogo, shayi babu sukari. Kuma ka gaya wa mai ɗakinka, don ita ce da tukunya."

Na ce to. Na fito na yi komai ban da na ƙarshen.

Kada ka yi saurin zagina, ji dalilina. A zamanin nan abin da ake faɗa a kasuwa shi ne suga kashe namiji yake yi. Akwai wani mahauci a kwata da aka ce yana da shi, bawan Allah in ya wuce sai ka ji ana ƙus-ƙus, wai ya zama yayan matarsa. Ni da ƙuruciyata da gemuna baƙi ƙirin, in je in tsuguna a gaban Hurera in ce mata ga abin da ya same ni? Na ce ina! Sai na kai kayan awona rumfa, na riƙa yi a bayan buhunan albasa. Bitamin ɗin kuwa, tun da na ji an ce na ƙarfin jiki ne, sai na ga ƙwaya ɗaya ai raini ce ga ƙato kamata. Na riƙa watsa su a baki kamar gyaɗa. (Malam Yohanna ya manta bai gaya mini tana rina fitsari ba. Ko kuma ya faɗa, ina can ina tunanin mahaucin kwata.) Abin da ke fita daga jikina ya koma wani irin ruwan ɗorawa mai ƙyalli, wanda in ya taɓa farin wando sai sabulu ya yi da gaske.

To, yanzu ka tsaya a inda Hurera take ka duba. Miji ya daina cin tuwonta, sai ya taɓa ya ture. Ya hana kansa zaman ɗaki, motsi kaɗan ya fice. In ya shiga bayi tana jiyo nishinsa. Wandonsa duk tabo. Ana nan sai ta zo wanki ta tsinci farar ƙwayar nan a aljihun rigata. Ba ta tambaye ni ba, sai ta kai wa maƙwabciyarmu Goggo Ladi mai ƙosai, wadda babu abin da ba ta sani ba a unguwar, har da abin da bai faru ba.

Goggo Ladi ta juya ƙwayar ta dafe ƙirji. "Innalillahi! 'Yar nan, ai wannan maganin ciwon sanyi ne. Shi 'yan jirgin ruwa suke sha, da masu zuwa gidajen matan banza."

Abin haushin, ba ƙarya ta yi ba. A lokacin ƙwayar ɗaya ce ake ba mai wancan ciwon da mai irin nawa. Ka ga ikon Allah: na ɓoye ciwo don kada a ce na mutu a ɗaki, sai ga shi an ce na yi wa gari yawa.

Na dawo daga kasuwa na tarar da ɗaki wayam. Ta goya 'yata ta hau jirgi sai Inugu, gidan ubanta. Ba a jima ba wani mai rakiyar shanu ya kawo mini saƙo da baki, wai Alhaji ya ce in zo in sawwaƙe wa 'yarsa, shi bai haifi abin da za a kai wa cuta har gado ba.

Alhaji (har yau ba na iya kama sunansa, suruki ne) babban dillalin shanu ne a Inugu, mutum mai zafin rai wanda in ya ce bijimi saniya ce, sai ka nemo ƙwarya ka fara tatsa. A al'ada manya ake turawa biko. Amma in tura manya sai na gaya musu gaskiya, ni kuwa har lokacin ina kan bakana. Na ce ni kaɗai zan je. Na fito da farar babbar rigata wadda ta sha bula da guga, na jefa kayan awona a jaka don kada yaran rumfa su gani, na watsa bitamin cike da tafin hannu don in samu ƙarfin fuskantar Alhaji, na bi da ruwa kamar yadda aka umarce ni. Da jirgi ya tsaya a Inugu ban ko waiwayi bayin tasha ba, don zuciyata tana kan 'yata.

Na yi sallama a zaure. Alhaji yana kan buzunsa, Liman a damansa, ga wasu dattawa biyu na unguwa. A gefe risho yana ci, butar shayi a kai. Na tuɓe takalma tun daga waje, na tsuguna a bakin ƙofa a kan sabuwar tabarma, kai a ƙasa.

"Barka da hutawa, Alhaji."

Ya dubi Liman ya ci gaba da maganar farashin shanu kamar ƙuda ne ya shigo.

Tun a nan na ji marata ta fara magana. Na ce mata yi haƙuri. Ka san dai yadda abin yake: suruki ba ya ci a gaban suruki, ba ya sha, ba ya miƙe ƙafa, balle ya buɗe baki ya ce a nuna masa bayi. Gara ya mutu a tsugune a ce mutumin kirki ne. Liman ne ya tausaya ya amsa gaisuwata, muka yi ta ina gajiya, ina iyali, yaya ruwa a Fatakwal. Ni ko a raina na ce, Allah gafarta Malam, bar zancen ruwa.

Duk da halin da nake ciki, idona ya ga wani abu. Alhaji ya rame, rigarsa ta yi masa yawa. Ga kwanon sha a gefensa, jim kaɗan ya kafa kai. Ya fara yi mini faɗa ke nan, ya kai wajen "Na ɗauki 'yata na ba ka don ina ganin kai ɗan mutunci ne," sai ya tsaya, ya ɗauki buta ya shige gida. Ya daɗe. Da ya dawo sai ya faro faɗan daga farko. Bai kai tsakiya ba ya sake ɗaukar buta. Kai, ban taɓa yi wa mutum hassada irin wadda na yi wa Alhaji da butar nan ba. Ana cikin haka ɗaya daga dattawan ya zuba shayi a kofi ya shiga fifita shi, yana ɗaga kofi sama yana tsiyayawa a wani, shaaa, ya mayar, shaaa. Gumi ya karyo mini. Na matse cinyoyi, na karanta duk addu'ar da na sani har da ta shiga kasuwa.

A zuwa na uku Alhaji ya kai ƙarshen faɗansa. Ya ce, "Taso ka matso nan, ka faɗi abin da ya kawo ka a gaban Liman, ka sallame ta, ka tafi can ka ƙarata da 'yan iskanka."

Na yunƙura. Iyakar abin da na yi ke nan, yunƙurawa. Abin da na riƙe tun daga Fatakwal ya ce shi kam ya iso gida.

Ba ɗigo ba ne, kada wani ya rage mini. Ya bi wando, ya ratsa farar riga, ya kwanta a sabuwar tabarma, ya kama hanya ya nufi buzun Alhaji. Ga launi! Ruwan ɗorawa ne, yana ƙyalli, kai ka ce rini aka kifar. Ga zafi kuma, har sai da na yi 'yar ƙara. Mai fifita shayi ya tsaya da kofi a sama. Liman ya janye ƙafarsa a hankali yana salati.

Alhaji ya miƙe tsaye yana nuna ni. "Kun gani! Liman, ka gani da idonka! Wannan fitsarin mutum ne? Ruɓa ce a cikinsa! Wannan zan mayar wa 'yata?"

Ina tsaye, riga ta manne a jiki, ina jin motsin mata a bayan ƙyauren cikin gida, na san Hurera tana ciki tana ji. A nan wani abu ya tsinke mini. Na ce a raina, to, kunyar da nake ta tattali ga ta nan tana gudu a tabarma. Me ya rage? Matata da 'yata kawai, su kuwa ba zan bar su a kan ƙarya ba.

Na ce, "Alhaji, ka gafarce ni. Ni ban taɓa sanin wata mace ba bayan 'yarka. Ciwon suga gare ni, kuma yanzu zan nuna maka."

Ban jira izini ba. Na buɗe jaka, na zuba shuɗin ruwa a siririyar kwalba. Ban ma buƙaci fita ba, shaida tana jikina, gefen riga na matse. Na sauke musu butar shayi, na kanga kwalbar a wutar rishon Alhaji. Dattijon nan ya ce, "Subhanallahi, a rishon shayi?" Na ce, "A rishon shayi, Baba." Garin sauri na manta an ce a kau da bakin kwalbar daga fuska. Da ya tafasa sai ya yi tsalle ya fantsamo mini a gemu. Ban goge ba. Na yi musu bayani kamar ni ne Malam Yohanna, har da cewa launin da suka gani na ƙwayar bitamin ne da na yi wa haɗama. Suna kallo shuɗi ya koma kore, kore ya koma ɗorawa, ya tsaya a ja kamar manja.

Alhaji ya taɓe baki. "Siddabarun Turawa. Ko na wa ka zuba haka zai yi."

Liman, Allah ya jiƙansa, mutum ne mai son ganin ƙwaƙwaf. Ya ce ai shari'a ba ta ƙin gwaji. Ya ɗauki gwangwanin madarar da aka juye a shayi ya fita, ya dawo da nasa a ciki, yana riƙe da shi nesa da rigarsa. Na ɗauraye kwalba na sake haɗawa. Ya tafasa, ya sake tafasa, yana nan shuɗi kamar yadda aka zuba shi.

"Wannan ai na malami ne," in ji Alhaji. "Mutumin da ba ya rabuwa da alwala, me za a gani a nasa?"

Ni kuwa na riga na yi nisa. Na sunkuyar da kai kamar mutumin kirki, na miƙa gwangwani da hannu biyu, na ce, "To, Alhaji, a taimaka a kawo naka."

Ina jin tun da aka kafa unguwar Hausawa a Inugu ba a taɓa yin surukin da ya roƙi fitsarin uban matarsa ba. Alhaji ya dube ni kamar zai sa a ɗaure ni da igiyar shanu. Amma abu biyu suka taimake ni: ba ya son a ce ya ji tsoro, kuma dama lokacin butarsa ya yi. Ya fizge gwangwanin ya shige.

Nawa sai da ya bi ta kore da ɗorawa. Na Alhaji ko tsayawa gaisawa bai yi ba, wuta tana taɓa shi ya yi ja wur, ya fi nawa nesa ba kusa ba.

Na ce, murya ƙasa-ƙasa, "Alhaji, ba rashin kunya ba. In kana yi, yana yi maka zafi?"

Daga bayan ƙyaure sai muka ji muryar Hajiya, uwar Hurera, tar da ita: "Yana yi! Kullum sai ya yi ta nishi a bayi kamar mai naƙuda, in na yi magana ya ce basir ne!"

Liman ya cusa fuska a rawani, kafaɗunsa suna rawa. Na ce, "Ni dai ban ce komai ba. Amma in nawa na yawon banza ne, to..." Liman ya ɗaga hannu ya ce, "Ya isa, ya isa, kada ka ƙarasa. Alhaji, a ba yaron nan matarsa." Alhaji ya koma ya zauna a buzu, ya daɗe yana kallon jar kwalbar nan. Da ya buɗe baki, ba da ni ya yi ba, da bango ya yi. Ya ce, "A kawo masa wando."

Hurera ce ta kawo, a soron ciki, wandon ubanta ne ma. 'Yata tana bayanta tana miƙo mini hannu. Na gyara tsayuwa ina jiran a ba ni haƙuri, don a ganina na ci yaƙi. Ta dube ni tun daga jiƙaƙƙen gemu har ƙafa, idonta ya yi ja don kuka, ta ce:

"Malam, ka iya dafa fitsari a gaban ubana da Liman, amma ka kasa gaya mini a ɗaki, mu biyu? Ni da nake wanke wandon?"

Na karɓi wandon, kai a ƙasa. Duk abin da ya faru a zaure bai kai wannan zafi ba.

Mun koma Fatakwal tare. Ta karɓi ragamar tukunya, ta karɓe kwalbar bitamin tana ba ni ɗaya-ɗaya kamar yaro, zafin fitsarin ya tafi, in ya so dawowa ita take fara ganewa ta kora ni asibiti. Batun yayan mata kuwa, yaran da muka haifa bayan nan su ne amsata ga 'yan kasuwa. Alhaji ya ƙi kowane asibiti a Inugu, ya ce sai wurin mai shuɗin ruwa. Haka zai hawo jirgi ya zo, mu zauna a bencin Malam Yohanna, shi a wannan ƙarshe ni a wancan, kowa ya ɓoye kwalbarsa a cikin riga, ba mai kallon wani. Ai suruki ne, da kunya a tsakaninmu. Ya yi shekaru masu yawa bayan nan, har ya ga auren 'yar da aka goya zuwa gidansa. Bai taɓa ce mini na gode ba, ni ma ban taɓa ba shi haƙurin tabarma ba.

Har yau in na je Inugu akwai tsofaffin da ke kirana Mai Risho, in amsa da ƙarfi. Abin da na koya kaɗan ne. In an ce ƙwaya ɗaya, to ɗaya ɗin. In za ka gidan surukai, fara biyawa ta bayin tasha. Ciwo kuma, duk wanda za ka ɓoye wa, kada ka ɓoye wa mai wanke maka wando. Ni da na gwada, a gaban Liman na ƙare da bayani, gemu yana ɗiga.